Danshi ya kama bangon tsohon gida a Agege: tayil za a manna ko me?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen masana gini. Tsohon gida ne a Agege, ginin bulo mai inci 9, ba bene ba. Bangon falo da na ɗaki guda sun kama danshi daga ƙasa har kusan ƙugu. Fenti yana kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar gishiri yana zubowa a gindin bango, ɗakin kuma warin funfuna yake yi. Duk fentin da aka yi, damina na faɗuwa abin ya dawo. Yanzu an ce a manna tayil har tsayin taga a huta. Ya kuka gani?

Mai Tayil Mile 12: Wa alaikumus salam. Alhaji a manna tayil kawai. Gidaje da yawa a Legas haka ake yi musu. A kankare fentin, a sa gam mai kyau, an gama.

Injiniyan Yaba: Oga Mai Tayil, da girmamawa, wannan sai dai ya rufe ido. Ruwan da ke cikin bango ta fuskar fulasta yake fita yana bushewa. Ranar da ka toshe fuskar da tayil, ruwan bai daina shigowa daga ƙasa ba, hanyar fita kawai ka hana shi. Sai ya ƙara hawa sama ya ɓullo a kan layin tayil ɗin, ko ya fita ta ɗaya gefen bangon. Gishirin kuma ya taru a bayan tayil, nan da damina biyu ko uku in ka ƙwanƙwasa za ka ji yana amo, daga nan sai faɗowa.

Alhaji, kafin a sayi ko buhu ɗaya na siminti, a gano inda ruwan yake fitowa. Hanya huɗu ce, kuma maganin kowace daban. Akwai wanda ke tasowa daga ƙasa, bulo yana jansa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Alamarsa layi ne a kwance, galibi bai wuce mita ɗaya ko ɗaya da 'yan kai ba, ga gishiri a bakin layin. Akwai ruwan sama da ke ratsowa ta tsaga, ko gindin taga, ko rufi. Shi wannan tabo-tabo yake yi, yana iya fitowa ko'ina har kusa da silin, kuma yana ƙaruwa kwana ɗaya ko biyu bayan an sheƙa ruwa. Akwai fayif da ya fashe a cikin bango. Sai zufar bango, wadda iskar ɗaki ke haifarwa.

Ka amsa mana waɗannan: tsakar gida da daɓen ɗaki wanne ya fi tudu? Akwai banɗaki ko kicin a bayan bangon? Da rani yana bushewa ƙaƙas, ko yana nan da laimarsa?

Baban Ummi: Injiniya na gode. Titi an ɗaga shi shekarun baya, ruwa ya riƙa shigowa gida, sai aka cike tsakar gida aka shimfiɗa intalokin. Yanzu tsakar gidan ta kusa zama daidai da daɓen falo. Banɗaki yana jikin bangon ɗakin, falo kuwa babu. Da rani yana raguwa amma ba ya tafiya gaba ɗaya.

Tsohon Birkila: To ai ka faɗi ciwon da bakinka, Alhaji. Wannan shi ne ya addabi tsofaffin gidaje a Agege da Mushin da Idi-Araba da Ajegunle. Ƙa'idar gini ita ce DPC, wato shimfiɗar nan ta leda ko kwalta da ake sawa a kan bulo don ta tare ruwan ƙasa, ta kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje, inci 6 ke nan. Da aka cike tsakar gida, an binne ta. Yanzu jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin intalokin yana jingine da bulon da ke saman DPC, ruwa ya samu gada ya tsallake. Wannan in ma an sa DPC ɗin tun farko, don gidaje da yawa jaman fulo, wato kankaren daɓe, kawai aka zuba aka ɗora bulo, ba leda ba komai.

Ka sa a cire intalokin guda uku ko huɗu a jikin bangon, a tona da hannu kamar ƙafa ɗaya da rabi. A duba ko za a ga baƙin layi a tsakanin bulo, a kuma ga ko ruwa zai taru a ramin kafin gobe.

Mai Famfo Idi-Araba: Kafin ku ɗora wa ƙasa laifin duka, bangon ɗakin nan da ke haɗe da banɗaki ni shi nake zargi. Tsohon gida galibi fayif ɗin ƙarfe ne a binne, tsatsa tana cin sa ta wajen zare, ya riƙa tsatsafo da ba a jin ƙararsa. Gwajin ba ya cin ko sisi. Da daddare a cika tankin sama, a rufe duk famfunan gidan, a rufe na tankin masai ma, a sa alama da alli a inda ruwa ya tsaya. Da asuba a duba. In ya sauka, akwai inda yake zurarewa. Sai a riƙa rufe layi ɗaya-ɗaya har a kama wanda ke yi.

Na biyu, daɓen banɗakin. A toshe magudanar, a zuba ruwa ya kai santimita 2 zuwa 3, a bar shi kwana ɗaya. In tabon ɗakin ya ƙara duhu, ruwan wanka ne ke bi ta tsakanin tayil ko ta gefen magudana. Wannan ba ruwansa da damina, shi ya sa da rani ma ba ya bushewa.

Hajiyar Obalende: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata a kan zufar bango ce da Injiniya ya ambata. Ta yaya mutum zai bambance ta da sauran? Bayan wadrob ne ya fi yin baƙi-baƙi, takalma da jakunkuna duk su yi funfuna.

Injiniyan Yaba: Hajiya, gwajin leda zai raba gardama. A yanko leda mai kauri ko takardar alminiyon ta kicin, santimita 30 kowane gefe. A goge bangon, a manna ta, a bi gefunan huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Bayan kwana biyu zuwa uku a duba. In raɓa tana kan fuskar da ke kallon ɗaki, iskar ɗakin ce. In tana ƙarƙashi, tsakanin leda da bango, daga cikin bangon ruwan yake. Wani lokaci a samu duka biyun.

Abin da ke jawo zufar bango shi ne iskar Legas cike take da tururin ruwa. In zafi ya kai digiri 30, laimar iska tana kashi 80 cikin ɗari, duk abin da sanyinsa ya sauka zuwa wajen digiri 26 zai yi zufa. Shi ya sa bangon da ke tsakanin ɗaki mai AC da wanda ba shi da ita yake jiƙewa ta ɓangaren mara AC. Bayan wadrob kuwa iska ce ba ta zagayawa. A janye shi daga bango kamar santimita 10, a huda 'yan ramuka a bayansa, a daina shanya kayan wanki a ɗaki a rufe. Funfunar a wanke ta da bilic, kofi ɗaya a kofi goma na ruwa, da safar hannu, taga a buɗe. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

A kuma duba tiyon AC ta waje. Da damina AC ɗaya tana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. In tana ɗiga a gindin bango dare da rana, ba sai an nemi wani dalili ba.

Mai Tayil Mile 12: Na ji bayaninku. Amma gaskiya wa yake da kuɗin wannan bincike duka? Mutum yana son ɗakinsa ya yi kyau kafin Sallah.

Tsohon Birkila: Wane kuɗi, ɗan'uwa? Alli da leda da salatif? Kuɗi ai wajen tayil ɗin da za a fasa nan gaba yake.

Baban Ummi: An yi gwajin. Tanki bai sauka ba, amma da aka tara ruwa a banɗaki tabon ɗakin ya ƙaru sosai. Ta wajen falo kuma an tona, an ga baƙin layin can ƙasa, kusan inci 4 ƙarƙashin intalokin. Ramin ya kwana da ruwa kaɗan a ciki. Ledar falo ta jiƙe ta ƙarƙashi.

Injiniyan Yaba: Madalla, ciwo biyu ke nan, kuma dukansu suna da magani. Da na falo za mu fara, ta waje.

A cire intalokin a tsawon bangon, faɗin santimita 40 zuwa 50. A tona har DPC ta fito sarari da santimita 15 a ƙarƙashinta, sannan a ƙara zurfin da fayif da tsakuwa za su zauna. Kada a gangara ƙasa da gindin fandisho, kuma in dogon bango ne a yi shi gaɓa-gaɓa, kada a buɗe shi duka lokaci guda da damina. A kwance fayif mai inci 4 da aka huhhuda a ƙasan ramin, da gangara santimita 1 a kowace mita, ya nufi kwata. A lulluɓe shi da tsakuwar dutse mai girman kwata uku na inci, wankakkiya, a naɗe tsakuwar da yadin tace ƙasa don kada laka ta toshe ta. Saman tsakuwar ya tsaya ƙasa da DPC.

Matsalar Legas ita ce sau da yawa kwatar titi ta fi gidan tudu. In haka ne, kada a haɗa fayif ɗin da ita kai tsaye, don ranar da ta cika ruwanta zai dawo maka gindin gini. A gina ƙaramin rami a ƙarshen layin, a sa famfon tsotso mai kunna kansa in ruwa ya taru.

Sai rufi. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Yuni ko Yuli, lita 5,000 ke nan. In babu indararo da fayif mai kai shi nesa, duk a gindin bangonka yake sauka.

Magini Ebute Metta: Ina da ƙari a nan. Fulastar waje ma tana zama gada. In an shafe bango tun daga sama har cikin ƙasa ba yankewa, ruwa zai bi ta cikin fulastar ya wuce DPC ko da tana da lafiya. A yanke ta da giranda daidai layin, a bar tsaga kamar santimita 1 zuwa 2. Daga layin zuwa ƙasa a shafa kwalta ta ruwa hannu biyu. Daga layin zuwa sama kada a shafa, nan ne bangon zai riƙa fitar da laimarsa.

Ta ciki ma haka, fulasta kada ta taɓa daɓe. A tsaya santimita 2 sama, sikatin, wato layin tayil ko katako na gindin bango, ya rufe wurin.

Ɗan Alaba Rago: Ni na ji ana maganar wani magani da ake yi wa bango allura. Ba zai fi wannan tone-tonen sauƙi ba?

Injiniyan Yaba: Akwai shi, kirim ne na sinadarin silikon. Ana huda ramuka masu faɗin milimita 12 a layin simintin da ke tsakanin bulo, tazarar santimita 12 tsakaninsu, zurfin ya kusa fita ɗaya gefen amma ya rage santimita 2 zuwa 4. A hure ƙura, a ɗura kirim, ya bazu ya hana bango jan ruwa. A ginin jan bulo wanda cikinsa a cike yake, yana aiki. Amma bulonmu na siminti mai rami biyu ne a ciki. In ba a cike ramukan da kankare ba a wannan layin, kirim ɗin zai zube cikin rami, kuɗi ya tafi. Kuma ko ya yi aiki, in ƙasar waje tana sama da layin allurar, aikin banza ne. A gidan Alhaji da DPC take nan, ba a buƙatarsa.

Tsohon Birkila: Inda babu DPC sam, a ginin bulo mai rami, yanka ya fi tabbas. Ana yanke layin siminti gaba ɗaya, tsawon da bai wuce ƙafa 3 ba, a tsallake ƙafa 3 ko fiye, a sake yankawa. A zura leda mai kauri ta DPC, bakinta ya hau kan ta kusa da santimita 10 zuwa 15, a cusa siminti ɗaya yashi uku a danne shi sosai. Bayan kamar mako guda a dawo wa wuraren da aka tsallake. Ginshiƙi ba a taɓa shi. In bene ne, ko bangon yana da tsaga, kada birkila ya fara sai injiniya ya gani.

Magini Ebute Metta: Baba, kan maganar jan bulo, bari in ja kunnen masu gidaje a Isale Eko da Popo Aguda da tsofaffin kwatas na reluwe a nan Ebute Metta. Da yawansu jan bulo ne da aka ɗaure da farar ƙasa ta gini, ba siminti ba, musamman irin ginin da Agudawan da suka dawo daga Barazil suka yi tun ƙarni na 19. Wannan bango da laima yake rayuwa, yana sha yana fitarwa. In ka shafe shi da siminti mai ƙarfi, ruwa ya maƙale, gishiri ya riƙa cin fuskar bulon daga ciki har ya zama gari, fulastar ta ɓallo da naman bulo a jikinta. Irin wannan da farar ƙasa ɗaya yashi uku ake shafe shi, fentinsa ma farar ƙasa ko wani mai barin iska ta ratsa.

Mai Fenti Surulere: To mu zo ta ciki, don nan ne ake yawan ɓata aiki. Tsohuwar fulastar nan ba ta gyaruwa, ta riga ta sha gishiri. Gishirin da kansa yana jan laima daga iska, shi ya sa ko an tare ruwan ƙasa za ka ga tabon yana dawowa duk ranar da hadari ya haɗu. A sassaƙe ta har bulo, a wuce layin danshin da santimita 30 zuwa sama. A goge farin garin da buroshin ƙarfe a bushe, a share a fitar waje. Kada a wanke da ruwa, narkewa zai yi ya koma cikin bulo.

Sannan a bar bangon tsirara ya sha iska. Ƙiyasin da ake yi shi ne wata ɗaya ga kowane inci ɗaya na kaurin bango. Bulo mai rami ya fi wannan sauri, amma dai ba aikin mako biyu ba ne. Mafi kyau a gyara waje yanzu, a sassaƙe ciki, a bari sai Disamba ko Janairu da iskar hunturu ta ɗan leƙo a yi sabuwar fulasta.

Baban Ummi: Wane haɗi za a yi wa sabuwar fulastar? Kuma banɗakin fa?

Tsohon Birkila: Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne. Hannun farko ɗaya bisa uku, wato buhu ɗaya kwano shida na yashi, kauri kamar milimita 12, da maganin hana ruwa a ciki gwargwadon abin da aka rubuta a jikin mazubinsa. Kada a ƙara da sunan ya fi ƙarfi, yawansa yana hana hannu na biyu kamawa. A kakkarce fuskar tun tana ɗanya. Washegari hannu na biyu, ɗaya bisa huɗu, kwano takwas, siriri, ba magani. A riƙa yayyafa ruwa kwana bakwai.

Yashin shi ne abin lura. Yawancin yashin Legas daga lagun ake haƙo shi, wani yana zuwa da gishirinsa. In ka yi fulasta da shi ka dawo da ciwon da hannunka. A nemi wankakke mai kaifi. A zuba kaɗan a kwalba da ruwa a girgiza, in ya kwanta aka ga laka mai kauri a samansa, a canja. Ruwan kwaɓi ma kada ya zama na rijiya mai zartsi.

Mai Famfo Idi-Araba: Banɗaki kuwa, in abin kaɗan ne, a ƙwaƙule abin da ke tsakanin tayil a sake cikewa da mai hana ruwa, a bi kusurwoyi da gefen magudana da silikon. Amma tunda tabon ya ƙaru sosai a kwana ɗaya, ina ganin sai an ɗaga tayil ɗin ƙasa da layi biyu na bango. A gyara gangara ta nufi magudana, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. A cike kusurwar da daɓe ya haɗu da bango da siminti ta zama mai lanƙwasa, don a nan shafe yake fara tsagewa. A shafa simintin hana ruwa na buroshi hannu biyu, na biyu ya gitta na farko, ya hau bango santimita 30, wajen shawa kuwa har sama da kai. In ya bushe a sake tara ruwa kwana biyu kafin a mayar da tayil. In aka tsallake wannan gwajin, ba za a san an yi kuskure ba sai an rufe.

Mai Fenti Surulere: Fenti sai fulasta ta yi aƙalla kwana 28, kuma gwajin ledar nan ya fito a bushe. Hannun farko firaima mai jure ƙarfin sabon siminti, sai fentin ruwa mara sheƙi. Fentin mai da mai sheƙin siliki a bar su, su ne ke yin ƙurajen nan. Sikiridin na fi-o-fi kuma, wato farin shafen nan na sumulta bango kafin fenti, kada ya kusanci wannan bango, laima kaɗan take narkar da shi. In ana son sumul a yi da na siminti.

Hajiyar Obalende: In mutum haya yake fa? Wa zai biya?

Injiniyan Yaba: Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da ake tarayya a kansu, sai dai in yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta ce wani abu daban. Ɗan haya kuma kada ya fasa bango sai da izinin mai gida a rubuce, a kuma rubuta yadda za a cire kuɗin daga haya. Dokar ba ta shafi Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA ba.

Abu biyu na ƙara wa Alhaji. Duk soket ɗin da ke cikin layin danshin a kashe layinsa daga babban akwati kafin a fara sassaƙa, a ɗaga shi sama in za a mayar. Sannan in an buɗe fulasta aka ga ginshiƙi ya tsage a tsaye, ko jan ruwan tsatsa yana fitowa, ko kankare ya ɓare rodi ya bayyana, a dakata. Rodin da ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren da ke riƙe da shi, wannan ya wuce aikin birkila. A kira injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, in ya ga da buƙata a kai ga hukumar gwajin kayan gini ta jiha ta auna ƙarfin ginshiƙan.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri. Gobe za a fara cire intalokin. Fayif ɗin nan mai inci 4, ramukan sama za su kalla ko ƙasa?

Tsohon Birkila: Ƙasa, Alhaji, layi biyu ta gefe da gefe. Ruwa daga ƙasa yake tasowa ya shiga. A fara shimfiɗa tsakuwa inci 2 kafin a kwantar da shi, kuma a bar baki ɗaya a tsaye da murfi a farkon layin don a riƙa zura tiyo ana wanke shi kafin damina.